Waƙar Mamaci da Sunan Mai Rai

Waƙa ta ƙare wa Nasidi yana da shekara arba'in da ɗoriya, kuma ba a sami mutum ɗaya a gidansu da ya yarda ba. Ba murya ce ta mutu ba. Muryar tana nan, in ya ɗaga ta a tsakiyar Morai ana jin ta har bakin kwalta. Abin da ke tura ta daga ciki ne ya ƙafe.

Da hantsi ya zauna a bakin kanal ɗin Bakolori, ya cire takalmansa ya tsoma ƙafa a ruwa. Masu albasa suna can tsallake sun duƙa, suna buɗe wa ruwa hanya daga fangali zuwa fangali. A nan yake zuwa neman waƙa tun yana saurayi. Da can sai ya zauna shiru, saran fartanya ya ba shi kiɗa, kiɗan ya jawo magana, kafin azahar ya koma gida yana rawar kai shi kaɗai kamar taɓaɓɓe. Yau ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne wanda ya saba fitowa: uban marayu, hasken al'umma, zaki, garkuwa. Ya tofar da yawu cikin ruwan.

Kiɗan noma suka gada. Ubansu ya mutu da ganga a kafaɗa, yana bin bayan manoma ranar gayya, yana zuga su har su manta da yunwa. Nasidi ya ɗauki waƙar, ƙanensa Sadi ya ɗauki gangar. Sai gayya ta mutu. Maganin feshi ya cinye rabinta, mutanen daji suka cinye sauran, don ba mai tara mutum ɗari a gona yanzu ya buga ganga yana sanar da inda suke. Abin da ya rage wa makaɗi shi ne ɗan siyasa. A kai ka wani ɗakin ɗaukar waƙa a Mafara da aka manna wa katifu a bango, a kunna fiyano, a miƙo maka sunaye ka yi ta jerawa. Wanda ka kira zaki bara, bana wani ya ɗauke ka ka kira shi kura. Nasidi ya yi wannan har ya kai in ya ji muryarsa tana tashi daga wayar wani a tasha, sai ya canza hanya.

Wani mai albasa ya miƙe yana dafe ƙugu, laka har gwiwa.

“Makaɗa! Kai kam ka huta. Mu muna cikin taɓo, kai kana shan iska.”

Nasidi ya ɗaga masa hannu. Da mutumin ya san yadda makaɗin ke kallon lakar nan da ke ƙafarsa, da bai yi wannan wasan ba.

* * *

Ya faɗa musu bayan la'asar, a tsakar gida. Matarsa Taiba tana tankaɗe, Sadi yana zaune a kan turmi yana ɗaure tsarkiyar ganga da haƙori.

“Ni na bar waƙa,” in ji Nasidi.

Sadi bai ko ɗago ba. “To madalla. Ni ma na bar cin tuwo.”

“Ba wasa nika yi ba. Na gaji.”

“Gajiya?” Taiba ta ajiye rariya. “Baban Asma'u, mi kaɗ ɗauka da kag gaji? Buhu? Masu faskare ba su ce sun gaji ba, sai kai da aka ɗauka cikin mota a kai ka a maido?”

“Ba jiki na ba. Nan ciki.” Ya dafa ƙirji. “In na tsaya gaban mutane ji nikai kamar an ɗora ni bisa jaki ana yawo da ni kasuwa. Babu abin da ka zo mani. Ko baiti guda.”

Taiba ta dubi Sadi. “Ka ji ko? Na hwaɗa maka hannu anka sa mai. Tun da yaron nan mai waƙa na Maradun yaf fara tashe, Baban Asma'u bai sake daidai ba.”

“Matarmu, in sammu na, ke kin ka yi shi,” in ji Sadi. “Kin cika mai ciki da ɗanwake har waƙa ta rasa wurin zama.”

“Allah shi shirye ka. Kai da matarka ba ta iya ko kunu ba.”

Suka yi dariya su biyu. Nasidi ya zauna yana kallonsu. Washegari Taiba ta kawo masa rubutun sha a kwalba daga wajen wani malami. Ya shanye, don bai da ƙarfin gardama. Ya je wajen limamin unguwa ya ce zuciyarsa ta mutu a kan sana'arsa, liman ya ce dama roƙo ba sana'ar kirki ba ce, ya yawaita istigfari. Nasidi ya tambaye shi to me zai ci. Liman ya ce Allah ne mai ciyarwa, ya miƙa hannu ya ɗauki butarsa.

Haka abin yake a wajenmu. In ƙafarka ta karye gari zai cika gidanka da sannu. In ka ce ranka ne ya gaji, sai a ce ƙoshi ne.

Sadi kaɗai ya dawo kan maganar, ranar da suke hanyar kasuwa a kan babur.

“Yaya, da gaske kakai?”

“Da gaske.”

“To ni fa? Ni ban iya komi ba sai ganga. Ɗiyana shidda. In ka bari, in bi wa?”

Nasidi ya ƙara wa babur wuta.

* * *

Sai ga saƙo daga Honarabul Shamsuddeen, mai neman kujerar majalisa. Zai buɗe yaƙin neman zaɓe a Bakura, yana son Nasidi da gangarsa a fili, ba faifai ba, don an gaya masa mutanen karkara sun fi jin ganga.

Nasidi da Sadi suka same shi a falonsa na Mafara, cikin sanyin na'ura, yana latsa waya biyu. A ƙofa akwai samarinsa, ƴan banga, idanu jajur, kowa da gora a hannu. Nasidi ya durƙusa.

“Ranka shi daɗe. An wuni lahiya? Ya gida? Ya iyali? Ya jama'a? Ya ƙoƙari?”

“Lafiya lau, Makaɗa. Sabuwa nake so fa. Wadda ba a taɓa yi wa kowa ba. Wadda in an ji ta za a san an zo. Faɗi abin da kake so.”

Nasidi ya dubi kafet. Maganar ta fito da kanta.

“Gona nika so, ranka shi daɗe. An ce kana da fili bakin kanal. Ka yanka mani ko ɗan kaɗan, da injin ban-ruwa ko tsoho na. In na yi maka wagga, ita ta ta ƙarshe. Albasa za ni yi, ni da ƙanena.”

Honarabul ya ajiye waya guda ya kece da dariya. “Kun ji! Makaɗi na son fartanya!” Mutanen falon suka taya shi. “To an ba ka. Ka tashi filin Bakura, a kai ka a nuna maka iyakarka. Na yi alkawari gaban mutane.”

A waje Sadi ya riƙe masa hannun riga. “Ni da ƙanena? Yaushe munka yi da kai za ni noman albasa?”

“Ka iya bin bayan manoma shekara da shekaru. Shiga gabansu ba zai kashe ka ba.”

“Allah shi sa albasar ta san take,” in ji Sadi. Amma yana murmushi. Kafin su isa Morai har ya fara lissafa wa Nasidi irin da ya fi auki da wanda ke ruɓewa a rumbu.

A karon farko cikin shekaru Nasidi ya ga ƙofa. Waƙa guda ce tsakaninsa da ita.

Waƙar ta ƙi zuwa. Ya koma bakin kanal, ya koma gindin tsamiyar da ubansu ke zama, ya yi azumi, ya yi ta shan shayi. Mai ɗakin ɗaukar waƙa ya miƙo masa ƙwaya ya ce duk mawaƙan yanzu da ita suke aiki. Ya haɗiya guda, ya wuni yana zufa yana surutu, da ta sake shi bai sami ko layi ɗaya mai amfani ba. Ranar taro tana matsowa. Ya duba cikinsa ya ga babu komai sai tsofaffin waƙoƙi, cikinsu kuma akwai guda da ya san ba ta da na biyu.

Ita ce wadda ya yi wa marigayi Abdulwahabu na Faru, manomin da ake ba da labarin rumbunansa, tun Nasidi bai yi aure ba. Ba a taɓa ɗaukar ta a faifai ba. A gona aka yi ta, a gona ta tsaya.

Ya tara ƴan amshi a gindin tsamiya ya rera musu, ya cire Wahabu ya sa Shamsu:

“Shamsu bijimin gabas,
Rana ta gaji, kai ba ka gaji ba.”

Nagode, tsohon ɗan amshin da ya yi wa ubansu aiki, ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

“Nasidi, wagga ta mamaci ta.”

“Mamaci ba shi jin waƙa, Baba.”

“Ubanka bai taɓa tuɓe wa wani waƙa ya sa ma wani ba. Bari wannan ma. Ka manta wa anka yi wa zambo cikinta?”

Bai manta ba. Kowace waƙar noma tana da zambo, baitin da ake yi wa abokin gasar gwani ba'a ba tare da an kama suna ba. Abokin gasar Wahabu wani ne Sadiƙ, wanda ya yi cika baki zai riga shi fita kuyya, wato kai ƙarshen layin noma, ranar gayya, da rana ta take sai ya kwanta yana ihu wai kunama ta harbe shi. Kunyar abin ce ta kore shi daga Faru. Ya tafi birni ya kama kasuwanci, ya yi arziki, ya mutu Alhaji. Shi ne mahaifin Honarabul Shamsuddeen.

“Na cire baitin kunama,” in ji Nasidi. “In mun kawo wurin, sai in sa gaisuwar ƴan kwamiti. Kuma Bakura za a yi. Wa yas san waƙar Faru a Bakura? Waɗanda sunka ji ta rabi sun mutu, rabi sun watse.”

“Kai kas sani,” in ji Nagode, ya mayar da hularsa.

Sadi ya rataya ganga ya ɗauki gula, ɗan sandan kiɗa mai lanƙwasa, ya fara. Hannunsa ya faɗa cikin kiɗan kamar jiya ya bar shi. Har ya lumshe ido.

“Kai Yaya,” ya ce da suka tsaya. “Da can muna kiɗi.”

* * *

Filin Bakura ya cika tun kafin azahar. An faka tirela an yi dandamali da bayanta, an jera lasifika, ƴan banga suna zagayawa suna kaɗa gora a kan mutane don a matsa. Honarabul yana zaune ƙarƙashin rumfa cikin farar shadda da baƙin tabarau, kusa da shi wani tsoho ƙanen mahaifinsa.

Abin da Nasidi bai lissafa ba shi ne motocin da aka tura ƙauyuka a kwaso mutane don fili ya cika. Da ya hau tirela ya duba gaba, sai ya ga layin farko duk tsofaffin matan Faru ne, an zaunar da su a rana, an ɗaura musu atamfa mai hoton Honarabul. Garin uban Honarabul ne, dole a sa su gaba.

An riga an miƙo masa makirufo, Sadi ya riga ya saki ganga.

Waƙar ta kama filin nan take. Samarin da ba su taɓa riƙe fartanya ba suka fara tsalle. Honarabul yana gyaɗa kai, wani ya zo yana manna wa Nasidi kuɗi a goshi. Ya yi baiti na farko, ya yi na biyu, ƴan amshi suna karɓa. Rana ta gaji, kai ba ka gaji ba.

Sai idonsa ya faɗa kan wata tsohuwa a tsakiyar layin. Inna Ummulkhairi ce, matar marigayi Wahabu. Ita ce ta dama musu fura ranar da aka fara rera waƙar nan a gonar mijinta. Ta rame har atamfar ta zagaye ta sau biyu, fuskar Honarabul a kan ƙirjinta. Ba ta tafi, ba ta guɗa. Leɓenta kawai ke motsi, tana bin waƙar, kuma duk inda ya ce Shamsu yana ganin bakinta yana faɗin ɗaya sunan. Ba harara take masa ba. Kallonsa kawai take.

Nan aka kawo wurin da zai sa gaisuwar ƴan kwamiti. Ya buɗe baki. Babu komai. Sunayen da ya haddace sun tafi, sabon baitin ya tafi, har dalilin tsayuwarsa a kan tirelar ya tafi. Ya ji wata irin gajiya ta sauko masa tun daga wuya, wadda ta sa ya ji ko za a yanka shi ba zai iya ƙara kiran wani zaki ba. Ya tsaya da makirufo a bakinsa kamar gunki. Ƴan amshi suka dubi juna.

A ƙa'idar kiɗa, ba a barin fili ya yi shiru. In mawaƙi ya sarƙe, mai ganga ne ke rufa masa asiri, ya cike gurbin har ya dawo. Abin da ubansu ya koya wa Sadi ke nan da bulala tun yana ƙarami. Kuma gangar noma magana take. Duk wanda ya tashi a gona yana jin abin da take faɗa kamar yadda yake jin mutum. Sadi ya ga yayansa ya ƙame, bai tsaya tunani ba, hannunsa ya tafi inda ya saba tafiya a wannan gaɓar shekara da shekaru. Ya buga baitin kunama.

Samarin ba su ji komai ba sai kiɗa mai daɗi. Tsofaffin matan Faru kuwa suka ji shi sarai. Wata ta rangaɗa guɗa. Wata ta kama ciki tana dariya. Kafin Nagode ya kai hannu ya riƙe gangar, layin gaba gaba ɗaya ya ɗauka da baki, suna tafi, abin ƙuruciyarsu ya dawo musu:

“Ran gayya wa yak kwanta?
Wane kunama tah harbe shi,
An duba ba a ga kumburi ba!”

Lasifika ta kwashe ta watsa. Wata tsohuwa har ta miƙe tana ɗingishi tana riƙe da ƙafa, tana kwaikwayon Sadiƙ, fili ya ɗauki dariya ba tare da rabinsu sun san abin da ake wa dariya ba. Suka tambaya, aka gaya musu. Maganar ta bi filin kamar wuta a kara.

Ƙanen mahaifin Honarabul ya sunkuya ya yi masa raɗa. Honarabul ya cire tabarau. Bai yi ihu ba, bai nuna kowa da yatsa ba. Ya dubi tirelar, ya dubi babban ƴan bangarsa, ya tashi ya nufi mota.

Sadi sai a lokacin ya gane abin da ya buga. Ya saki gula.

“Yaya, wallahi ban...”

Ƴan banga sun riga sun hau. Suka ture Nasidi gefe kamar buhu, don kowa ya ga shi bakinsa a rufe yake. Suka jawo Sadi da igiyar gangarsa har bakin tirela.

“Wane hannu yay yi maganar?” in ji babbansu. Bakinsa na warin abin da ya sha. “Wanga?”

“Ku yi ma Allah! Ni na! Ni nis sa shi!” Nasidi yana ihu, biyu sun danne shi. “Ni ad da waƙar!”

Ba wanda ya saurare shi. Suka shimfiɗa hannun daman Sadi a kan ƙarfen tirela. Makirufo yana nan a ƙasa bai mutu ba, shi ya sa har waɗanda ke bakin kasuwa suka ji saukar gorar, suka ji kuma muryar Sadi yana kiran sunan uwarsu.

* * *

Wani maɗori a nan Bakura ya ɗaure hannun da kara da tsumma, ya ce a bar wa Allah. A asibiti aka ce ƙasusuwan da suka karye sun yi yawa, an kuma zo a makare. Da aka kwance, yatsun sun ƙandare sun lanƙwashe ciki kamar ƙafar kazar da aka ƙona. Ba ya iya buɗe su, ba ya iya rufe su.

Gona kam ba a sake maganarta ba. Nasidi ya je ƙofar Honarabul sau ɗaya, ba don gonar ba, don ya ce a taimaka da magani. Mai gadi ya ce in ya sake ganinsa a layin, sauran hannuwan gidansu ma za su bi. Waɗanda suka yi dukan suna nan suna yawo a Mafara, kowa ya san su, ana gaisawa da su a tasha.

Sadi bai taɓa ce wa yayansa kai ka ja mini ba. Da ya faɗa da ya fi sauƙi. In Nasidi ya shigo duba shi sai ya ɓoye hannun cikin riga ya ce, “Yaya, ya albasarmu? Ta yi ƙwai?” Ya yi dariya shi kaɗai. Hatsin gidansa ya ƙare, matarsa ta fara aiko yara gidan Taiba da kwano. Tukunya ɗaya ta koma ciyar da gida biyu.

Wani ya ɗauki abin da ya faru a waya, ya bazu. Ba a jima ba sai ga mota ta tsaya ƙofar gidan Nasidi, mutanen abokin takarar Honarabul ne. Suka yi gaisuwa mai tsawo, suka jajanta, suka ajiye buhun shinkafa a zaure. Sannan babbansu ya gyara zama.

“Makaɗa, duk ƙasar nan ba a maganar kowa sai kai. Maigida na son waƙar nan. Dukanta, da kunamar da komi. A sa sunanshi, a ɗauka a faifai. Kuma ba ita kaɗai ba, kai ne namu har bayan zaɓe.”

“Ba ni da mai ganga,” in ji Nasidi.

“Wane mai ganga? Fiyano na yin ganga yanzu. Baitin kuma da baki za ka hwaɗe shi, kowa shi ji.”

Ya ce su ba shi zuwa gobe. Da suka tafi ya shiga ciki ya tarar da Taiba tsaye bayan ƙofa, ta ji komai. Ta daɗe tana kallonsa, irin kallon da ba ta yi masa ba ranar da ya dafa ƙirji.

“Baban Asma'u, kada ka tai. Na ji yanzu. Wallahi na ji. Ka bar waƙar ga, ko tafasa mu ci.”

“Mu ci,” ya ce. “Ɗiyan Sadi fa? Su ci mi?”

Ta dubi buhun da ke zaure, ta koma madafa.

Washegari ya sa babbar riga ya tafi Mafara. Ya shiga ɗakin nan mai katifu, aka kunna fiyano, ya cire Shamsu ya sa wani sunan. Muryar ta fita tas. Mai ɗakin ya ɗaga masa babban yatsa ta bayan gilashi ya ce bai taɓa jin sa haka ba. Kafin sati ya zagayo waƙar tana tashi a kowane shagon caji daga Mafara har Maradun, kuma an riga an aiko masa da sunayen waɗanda za a yi wa ta gaba.

Ranar wata Juma'a bayan an sauko, ya biya gidan Sadi da ledar nama. Ya tarar da yaran a tsakar gida sun kewaye kwano, babu ubansu.

“Ina Babanku?”

“Shina ɗaki,” in ji babbar. “Ya ce kada kowa shi shiga in shina cin abinci.”

Nasidi ya matsa ya ɗaga labulen kaɗan. Sadi yana zaune a ƙasa ya juya wa ƙofa baya, fuskarsa na kallon bango. Ya kwantar da hannun daman a kan cinya. Da hagu yake yankar tuwon, a hankali, lomar tana wargajewa kafin ta kai baki, miya tana bin gwiwar hannunsa. Ya yi bisimilla a kan kowace loma, ƙasa-ƙasa, kamar mai ba da haƙuri.

Nasidi ya saki labulen. Ya rataye ledar a ƙusa, ya fita bai yi sallama ba.